Gali Silekta da Gangar Baba Lasisi

Har gobe akwai masu rantsuwa a Panshekara cewa Gali ya taɓa feɗe akuya da ranta, ya wanke fatar, ya shanya, ya mayar mata da abarta ya ɗinke, ta miƙe ta kama hanyar gida. Wai tun daga ranar, in ta sa gudu sai cikinta ya kama kiɗan kalangu, matan unguwa su yar da taɓarya su hau rawa, har sai da mai unguwa ya sa aka sayar da ita Kudu saboda tuwo ya daina nuna a kan lokaci. Wani direban tirela a Bompai ya ce shi da idonsa ya ga jikanyarta a Ibadan, ana gayyatarta biki ana yi mata liƙi.

To, ƙarya ce. Ni na fi kowa sani, don a bakina aka fara jin ta wata Asabar a teburin mai shayi. Direban kuwa jikanyar kawai ya ƙara. Gali ɗan kawuna ne, taubashina, shi ɗan namiji ni ɗan mace, in ban yi masa ƙarya ba wa zan yi wa? Amma yau gaskiyar zan faɗa, ko da za ta ɗan sha gishiri.

Uban Gali, Kawu Ashafa, Allah ya jiƙansa, mai ɗaurin ganga ne a ƙauyenmu da ke bayan Ringim. Ba makaɗi ba ne, bai taɓa tsayawa gaban wani yana roƙo ba. Shi dai a kawo masa ice ya sa masa fata, ya ja tsarkiya, ya ƙwanƙwasa, ya miƙa wa mai shi. Sai dai mutanen gari ba su da lokacin wannan rarrabewa. In ganga ta shiga gidanka ta fito, kai da mai kaɗa ta duk kwando ɗaya ake zuba ku. Mutum ne mai kyauta da hannunsa: ranar da aka kama ni aka sa a firamare, fatar wani ɗan akuya ja da ya ware don kalangu ya ɗauko ya ɗinka mini jakar littafi. Shekara uku na rataye ta na yi sallama da boko, ta koma ta zuba gyaɗa.

Gali kuwa tun yana ƙarami ba ya son hayaniya. Ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa littattafai, amma duk ranar da ya ƙure wani a makaranta, amsar ɗaya ce: “To ɗan gidan kalangu.” Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar ƙwallon goruba. Da uban ya rasu a shekarar 1971, ko kwana arba'in ba a cika ba ya rarraba wuƙaƙen aikin ga maƙwabta, ya hau jirgin ƙasa sai Kano. Ya yi rantsuwar shi da fata har abada. Aikin da ya fara samu a Bompai kuwa, na ɗaukar fata ne a kamfanin jima.

Lebura ne na shekara biyu, yana jidar ƙiraga daga mota zuwa sito. Amma akwai abin da hannunsa ke yi ba da saninsa ba. Duk fatar da ya ɗauka sai ya kai ta kusa da kunne ya ɗalle ta da ɗan yatsa, sannan ya ce wannan akuyar ta yi ƙazuwa, wannan an shanya ta a rana ta ƙone, wannan mahaucin yana sauri. A buɗe a duba, a tarar haka ne. Manaja, wani ɗan Labanan mai sanƙo, ya gani sau uku, ya cire shi daga dako. Ya yi Sharaɗa, sannan da aka buɗe sabon reshe a Challawa aka kai shi a matsayin silekta, wato mai zaɓen fata. Yana tsaye gaban dogon tebur da alli a bayan kunne, fata na zuwa yana jefawa: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ni dai na ce ko surukarsa ce ta wuce ta gaban teburin sai ya ba ta lamba.

In an tambaye shi asali, sai ya ce, “Mahaifina sana'ar fata yake yi.” Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙarasa ba.

Ya auri Hansatu, 'yar wani malami a Panshekara, ya kama haya, daga baya ya gina ɗaki biyu da zaure. Sannan abin da ya fi so a duniya ya same shi. Tsohon da ke jan sallar azahar a kamfani ya bar aiki, aka dudduba, aka ce Gali ya shiga gaba. Masallacin ba wani masallaci ba ne, gindin dalbejiya ne a bayan ɗakin tukunyar tururi, da jerin duwatsu da kwalaye. Amma a nan aka fara ce masa Malam Gali. Mutum arba'in ke bin sa: Kanawa, Haɗejawa, Zabarmawa masu gadi, Barebari, Nufawa, Yarbawa. Yakan wanke hannu sau uku da sabulu kafin alwala don warin jima, ya sa farar hula da yake ɓoyewa a leda. Wannan tsayuwar a gaba ita ce duk abin da ya tara tun barinsa ƙauye. Ku riƙe wannan, don a kanta labarin yake.

Wanda bai ga ƙofar kamfanonin nan a lokacin tashi daga aiki ba bai ga Kano ba. Jiniya na kaɗawa kekuna su ɓarko kamar fara. Ga mai ƙosai, ga mai amala, ga Ibo mai gyaran rediyo ya ƙure sauti, ga 'yan Tibi na tafe suna waƙa a jere, ga Bazabarme da molonsa a ƙofar ɗakin gadi. Kowa da kiɗansa, amma kowa a lungunsa yake yi: waɗannan a Sabon Gari ranar Lahadi, waɗancan a gidan biki, wasu a bayan barikin 'yan sanda. Mutum zai yi shekara goma yana juya inji ɗaya da wani bai taɓa ganin yadda yake taka rawa ba.

A shekarar 1981 sai ƙungiyoyin ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da Challawa suka ce ranar ma'aikata bana ba maci kawai za a yi a watse ba. Za a haɗu a wani fili a Sharaɗa da yamma, kowane kamfani ya kawo wasan mutanensa. Masaƙa suka ce su za su ɗinka anko. Masu biskit da alewa suka ce su za su raba wa yara. Kamfanin su Gali aka rasa me zai yi taƙama da shi, sai Labaran akawu, shugaban kwamiti, mutum mai biro uku a aljihu, ya tara jama'a a kantin cin abinci.

“Mu masu fata ne,” in ji shi. “Na duba gangunan mutanenmu, wallahi abin kunya. Duk sun yi baƙi, wata har da faci. Na yi wa manaja magana, ya ba mu fata goma sha biyu, ta ɗaya, irin wadda ake kai wa Italiya. Za a sake wa kowace ganga riga. Ja, kore, ruwan ƙwai. Masaƙa su zo su gani!”

Aka yi tafi har da buga tebur. Mutanen nan kullum fata suke ci suke sha, sun san wadda za ta yi jaka, sun san wadda za ta yi takalmin matar gwamna. A wurinsu fata ta ɗaya ta fi kowace fata a kowane aiki, magana ta ƙare.

Mutum ɗaya ne a ɗakin ya san ba haka ba ne. Gali ya sani tun yana shekara bakwai cewa ganga ɗanyar fata take so, wadda ba ta ga bagaruwa ba balle maganin Turawa. Jima laushi take sa wa fata, laushin nan kuwa shi ke kashe murya. Kalma biyar ta isa ya faɗa. Ya buɗe baki, sai ya hango tambayar da za ta biyo baya: Malam, a ina kuka san ɗaurin ganga? Ya rufe bakinsa.

“Malam Gali zai zaɓo mana da hannunsa,” in ji Labaran.

Gali ya ce, “To.”

Ganguna shida aka tattara. Biyar an turo su ne a hannun mutane. Ta shida mai ita ya kawo da kansa, Baba Lasisi, babban makanikin kamfanin, mutumin Ogbomosho da ya shekara talatin da huɗu a Kano, wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ƙarshen watan Mayu zai ajiye aiki ya koma gida. Gangarsa irin kalangunmu ce amma ta fi girma, da 'yan ƙararrawa a baki, icen ya yi sulɓi don tsufa. Ta kakansa ce. Fatar ta fara tsagewa a gefe, mutumin da ke ɗaura masa a Sabon Gari kuma ya koma garinsu tun bara.

Bai ba Labaran ba. Teburin Gali ya zo, ya kwance zanen da ya naɗe ta.

“Malam Gali, ni bugawa na iya, ban iya ɗauri ba. An ce kamfani zai gyara. Ni ban san kamfani ba, kai na sani. Kai ne mai jin maganar fata.” Ya ɗora masa a hannu. “Sau ɗaya nake so in buga wa Kano kafin in tafi. Shekara talatin da huɗu ina cin tuwonku, ban taɓa yi muku godiya da bakin gidanmu ba.”

Gali ya ce, “Allah ya kai mu, Baba.” Ya juya ya miƙa ta ga Labaran.

Wani baduku aka kai wa aikin, gwanin ɗinkin jaka da matasan kujera. Ya yanke tsofaffin fatun ya zubar, ya ɗinka sababbi, ɗinki kuwa kamar na inji. Ranar Talata, saura kwana goma, aka jera su a kan tebur a kantin cin abinci lokacin hutun rana. Kai, sun yi kyau! Ta Baba Lasisi ja wur, tana sheƙi, har kana ganin haƙoranka a ciki. Manaja ya leƙo ya ɗaga babban yatsa.

Terkula, shugaban 'yan Tibi, ƙato mai hannu kamar faranti, shi ya fara kai wa tasu duka. Ta ce ɗif. Ya ƙara. Ta ce ɗif. Kamar ana kakkaɓe katifa a gida na uku. Wani Babarbare ya gwada tasu, ita ma haka. Wani ya ce a kai su rana. Aka kai, aka dawo da su da zafi, suka ce ɗif da zafi. 'Yan dariya suka fara, har wani ya ce a ba manaja ya yi matashin kai.

Baba Lasisi bai yi dariya ba. Ya rataya tasa, ya matse tsarkiya a hammata, ya buga sau uku. Ya saki, ya sake matsewa. Fatar sai miƙewa take kamar roba, muryar ba ta hawa ba ta sauka. Ya sauke ta a hankali.

“Ina tsohuwar fatar?”

Labaran ya sosa ƙeya. “Ai Baba, wannan ta tafi bola.”

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya naɗe gangar a zanenta, ya zo ya ajiye a gaban Gali. Bai ɗaga murya ba.

“A hannunka na sa, Malam.”

Minti goma bayan haka aka kira salla. Gali ya shiga gaba, Baba Lasisi ya tsaya a bayansa daidai, a sahun farko, inda ya saba tsayawa. Gali yana jin numfashinsa. A raka'a ta uku ya zauna maimakon ya miƙe, sai da mutum arba'in suka ce subhanallahi. Shekara biyu yana jan salla, ranar ya fara rafkanuwa.

Kwana huɗu gangar na ƙarƙashin gadonsa. Ya je Sabon Gari neman wani mai ɗauri, aka ce akwai ɗaya amma ya tafi Ilori bikin 'yarsa. Ya je cikin birni, wani ya ce ya kawo bayan sati uku. Ya dawo ya zauna gaban tuwo ya kasa ci. Ran Asabar da yamma Hansatu ta janye kwanon daga gabansa.

“Malam, kayan mutane ne a ƙarƙashin gadona. In ba za ka ɗaura ba ka mayar masa.”

“Wa ya ce miki na iya?”

Ta dube shi kamar yadda ake duban yaron da ya ɓoye rake a cikin riga. “Shekara bakwai kana ƙwanƙwasa murfin kwano kafin ka buɗe. Kankana ma sai ka kai kunne. Kuma kana zaton babana zai ba da 'yarsa bai aika garinku ba? Tun kafin a kawo lefe muka san Ashafa mai ganga. An ce bai taɓa cin amanar kowa ba, shi ya sa aka ba ka ni.”

Wato abin da Gali ya shekara goma yana dannewa da duwatsu, a gidansa ma a buɗe yake.

“A kamfani ba su sani ba,” in ji shi. “In suka sani ba za su bi ni salla ba.”

“Wataƙila,” in ji Hansatu. Ba ta lallashe shi ba, don ba halinta ba ne. “Tuwon in rufe, ko za ka ci?”

Da asubar Lahadi ya hau keke sai mayanka. Ya bi mahauta ɗaya bayan ɗaya yana ɗalle fatun 'yan awaki, masu ɗumi, waɗanda gishiri bai taɓa ba. Cikin arba'in ya ɗauki bakwai. Tsakar gidansa ba ta da fili, kuma Hansatu ta ce warin ba zai shigar mata ɗaki ba, saboda haka a ƙofar gida ya baje, a bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya gifta.

Hannun bai manta komai ba. Ya jiƙa fatun a ruwan toka, ya kafa turmi a kife, ya shimfiɗa ya bi da bayan wuƙa har gashin ya zube. Ya kankare cikin har sai da ya ɗaga ta yana ganin inuwar yatsunsa ta baya. Ba rana, inuwa. Ba magani, ba mai. Ya farke jan ɗinkin baduku, ya ajiye fatar Italiya gefe, Hansatu ta ɗauke ta ce ta samu abin ɗora fitila. Maƙwabta suka fara tsayawa. Wani ya ce, “A'a, Malam, sabuwar sana'a?” Gali bai ɗago ba ya ce, “Tsohuwa ce.”

Da yammacin Talata, yana zaune da gangar Baba Lasisi tsakanin gwiwoyinsa, jiƙaƙƙiyar fata a bakinta, tsarkiya a haƙoransa, sai ga Labaran a kan Besfa ya zo tambayar ko an samu mai gyara. Ya kashe babur. Ya dubi tokar, ya dubi turmin, ya dubi yadda yatsun ke zura tsarkiya ba tare da ido ya bi su ba.

“Malam Gali, wannan ai ba koyo ba ne.”

Gali ya cire tsarkiyar daga baki. “Gado ne.”

“Kuma kana zaune ranar da na yi maganar fata ta ɗaya?”

“Ina zaune.”

Labaran ya tayar da babur ɗinsa bai yi sallama ba. A gaskiya yana da hujjar fushi, don shi aka yi wa dariya sati guda.

Washegari da azahar, Gali ya wanke hannu sau uku, ya sa farar hula, ya nufi gaba. Sai ya tarar wani Bahaɗeje daga sashen rini ya riga shi tsayawa a wurin. Ba wanda ya yi faɗa. Wani dattijo ne kawai ya taɓa masa kafaɗa ya ce, “Malam, yau ku huta.” Gali ya ja da baya. Sahun farko ya cika, na biyu ya cika, ya samu wuri a na uku, gefen da rana ke bugawa. Ana shirin tayar da kabbara sai ga Baba Lasisi ya baro wurinsa na gaba, ya ratso sahu biyu da takalmansa a hannu, ya tsaya kusa da shi. Gali ya ce mini daga baya bai san wanne ya fi yi masa nauyi ba, cire shin da aka yi ko wannan tahowar.

Sauran gangunan ma ya kwaso su gida. Huɗu ya iya gamawa cikin shida. Ta 'yan Tibi fatar saniya take so, ba ta bushewa a kwana biyar, saboda haka Terkula ya ce ba komai, ya sa aka wanko masa garwar man inji. Ta shida icen ne ya tsage.

Ranar ta faɗo Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci filin Sharaɗa ya cika har kan katanga. Na ce mutum dubu ɗari, Gali ya ce dubu uku. Ku raba mana. Masaƙa sun zo da ankonsu shuɗi. Ibo suka shigo da masu rawa da kacau-kacau a ƙafa, suna tsalle kamar ƙasa na ƙona su. Barebari suka busa algaita har kumatu ya kusa fashewa. 'Yan dambe na Bompai suka yi turmi biyu. 'Yan Tibi suka fito da garwarsu, suna lanƙwasa jiki kamar ba ƙashi, Terkula na dukan garwar kamar ta ci masa bashin gaisuwa, aka yi ta ihu. Zabarmawa masu gadi, waɗanda ba a taɓa jin sun yi magana ta wuce “wa kake nema” ba, suka zauna suka yi wata waƙa mai sanyi da ta sa fili ya yi tsit.

Gali na can gefe bayan masu sayar da rake. Tun safe ya kai wa Baba Lasisi gangarsa, fatar fara-fara, ba sheƙi, ba kyan gani. Hadari ya ɗan taso a gabas, iska ta yi laima, shi kuwa ya san abin da laima ke yi wa sabuwar fata.

Tsohon ya shigo da babbar riga da hula mai lanƙwasa. Ya ɗaga gangar ya juya fuskarta ga rana na ɗan lokaci. Ya rataya, ya matse, ya buga.

Ta yi magana. Wata siririyar murya ta tashi sama, ta sauko, ta yi kauri, ta sake hawa. Yarbawan da ke filin suka amsa gaba ɗaya kamar an kira sunansu, mata suka miƙe suna gyara ɗaurin kai. Mu da ba ma jin yaren muka ji tsikar jikinmu ta tashi. Ya zaga fili yana gaida Bompai, yana gaida Sharaɗa, yana gaida Challawa, wani matashi na bin sa da lasifika yana fassarawa. Sai ya tsaya, ya leƙa bayan masu rake, ya yafito Gali. Ba yadda zai yi, aka turo shi tsakiya.

Baba Lasisi ya karɓi lasifikar. “A garinmu ba a yi wa mutum kirari shi kaɗai, sai an haɗa da ubansa. Malam Gali, wa ya haife ka?”

Ga Labaran a kujerar kwamiti. Ga mutanen gindin dalbejiya a tsaye. Gali ya dubi lasifikar da aka kara masa a baki.

“Ashafa.”

“Me yake yi?”

Tsohuwar amsar ta zo masa har kan harshe, sana'ar fata. Ya haɗiye ta.

“Ɗaurin ganga yake yi. Shi ya koya mini.”

Tsohon ya matse tsarkiya ya fara. Mai fassara ya yi ƙoƙari ya bi shi, ya ce yana cewa Gali ɗan Ashafa, Ashafa mai ba ice baki, daga nan ya kasa, ya ce sauran ba ya fassaruwa. Gali na tsaye da hannuwa a baya kamar mai jiran hukunci. Ni na ce ya yi kuka, shi ya ce ƙurar 'yan Tibi ce.

Ba a mayar da shi limanci ba. Wasu sun so, wasu sun ƙi, shi kuma bai nema ba. A sahu na uku ya ci gaba da salla, kuma abin mamaki ba a daina ce masa Malam ba. Labaran ya yi wata biyu ba ya gaishe shi, sannan ya kawo masa kalangun wani ƙanin matarsa a ɓoye cikin buhu. Baba Lasisi ya tafi ƙarshen wata. Kafin shekara ta zagayo, ƙofar gidan Gali ta zama wani ƙaramin Sabon Gari: Ibo, Tibi, Nufawa, 'yan coci da 'yan biki, kowa da icensa a hammata, Hansatu na ba su ruwa tana yi musu faɗan su daina gwaji lokacin barcin yara. Da kamfanoni suka fara rage ma'aikata a 1986, takardar sallama ta zo har teburin silekta. Ya karɓa, ya cire allin daga kunne ya ajiye, ya koma gida ya kife turmi. Da shi yake ci da iyalinsa har yau.

Makon jiya na same shi a zaure yana kankare fata. Na ce, “Liman mai kalangu, ana sallama. Tarihinka nake rubutawa, har da akuyar. Zan sa cewa kai kaɗai ne limamin da aka sauke saboda ya fi ladan ƙara.”

Bai ɗago ba. Ya kai fatar kunne, ya ɗalle ta, ya ajiye.

“Rubuta, bawana,” in ji shi. “Amma ka sa wannan ma. Babana ya shekara hamsin yana taɓa fata, ɗaya tak ya yi asara: wadda ya ɗinka maka jakar makaranta.”